Hukuncin ba da labaran tarihi masu tayar da hankali, da batun mutanen Pompeii da aka ce an mayar da su duwatsu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da shafi a YouTube inda nake ba da labaran tarihi masu ban tsoro, irin su yadda Ƙaramiɗa suka kashe alhazai suka ɗauke Hajarul Aswad, da kisan Bagadaza, da yanke hannayen mutane a Kongo. Da shi nake rufa wa kaina asiri. Bidiyona da ya fi karɓuwa shi ne na birnin Pompeii, inda na ce Allah ya mayar da mutanen duwatsu saboda alfasha. Daga baya na karanta cewa ba haka abin yake ba, amma wani mai wa'azi ya ce in bar shi tunda mutane suna tuba saboda shi, kuma ai an ce a ba da labarin Banu Isra'ila babu laifi. Da daddare nake aikin, har ta kai hoton gawa ba ya ɗaga mini hankali. Shin sana'ar halal ce? Kuɗin fa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ba da labarin masifun da suka auka wa mutanen da halal ne, abin da ake samu ta nan ma halal ne. Duk wanda ya karanta Suratul Buruji ya san Alƙur'ani da kansa ya kawo labarin muminan da aka haƙa wa rami aka ƙona su da ransu. Ibnul Asir ma, da ya iso shekara ta 617 bayan hijira a littafinsa na tarihi, ya ce ya yi shekaru yana ja da baya daga rubuta ɓarnar Tattar, wato mayaƙan Mongol da suka auka wa ƙasashen Musulmi, har ya yi burin da ma mahaifiyarsa ba ta haife shi ba, sannan ya rubuta don ya ga shirun ba zai amfana komai ba.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne inda ka ce "daga baya na karanta cewa ba haka abin yake ba". Kafin wannan rana kuskure ka yi, kuskure kuwa an yafe shi. Daga ranar zuwa yau, duk wanda ya buɗe bidiyon nan ƙarya kake gaya masa da saninka, da muryarka, ko da kana barci a lokacin. Kuma ƙaryar a kan Allah take: ka ce ya aikata abin da bai aikata ba, ka kuma faɗi dalilinsa alhali bai gaya maka ba.

Abin da ka karanta gaskiya ne. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius da ke kusa da Naples a Italiya ya yi aman wuta, toka da tsakuwa suka binne Pompeii da wasu garuruwan da ke gindinsa. Mafi yawan mutanen garin sun gudu. Waɗanda suka rage toka ta lulluɓe su, ta daskare a jikinsu, naman ya ruɓe a hankali ya bar kogo mai siffar mutum da ƙasusuwa a ciki. A 1863 mai kula da tonon garin, Giuseppe Fiorelli, ya riƙa zuba kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, cikin waɗannan koguna, idan ta bushe a kankare tokar. Siffofin da kake nuna wa jama'a zubin hannun ɗan Adam ne, kuma cikinsu akwai yara ƙanana, akwai kare da ya mutu a ɗaure. Wace alfasha yaron ya yi?

Ban ce zunubi ba ya jawo bala'i ba, yana jawowa, kuma an yi alfasha a Pompeii kamar yadda aka yi a sauran biranen Rumawa da dutse bai taɓa ba. Amma a nuna gari guda a ce wannan azaba ce saboda kaza, wannan sai da nassi. Mun faɗi haka a kan Samudawa domin Allah ya faɗa, shi ya sa da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijir, kufan garinsu, a hanyar Tabuka ya rufe kansa ya gaggauta tafiya, ya hana shiga gidajensu sai da kuka. Inda babu nassi kuwa, ka tuna annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, kuma shahidai ne. Idan mummunar mutuwa ita ce shaidar fushin Allah, me za ka ce a kansu?

Yanzu maganar mai wa'azin nan. Ina kyautata masa zato, amma ra'ayinsa kuskure ne, kuma tsohon kuskure ne. Wata tsohuwar ƙungiya da ake kira Karramiyya sun halatta ƙirƙirar hadisi don kwaɗaitarwa da tsoratarwa, suna cewa su don Annabi suke ƙaryar, ba a kansa ba. An tambayi Nuhu ɗan Abi Maryam inda ya samo hadisan falalar surori ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya sun shagala da fiƙihun Abu Hanifa da labaran yaƙe-yaƙen Annabi na Ibnu Ishaƙ, sai ya ƙirƙiro su don neman lada. Malaman hadisi ba su karɓi wannan uzuri ba. Sun ma ce masu ƙarya don neman lada sun fi kowa cutarwa, domin jama'a ta yarda da su.

Hadisin Banu Isra'ila da ya kafa hujja da shi, a ce ya karanta shi zuwa ƙarshe. A Buhari, jumlar da ke biye da ita kai tsaye ita ce gargaɗin cewa wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Imamu Malik ya ce izinin yana kan abin da yake mai kyau daga labaransu, banda abin da aka san ƙarya ne. Imamu Shafi'i ya ce sananne ne Annabi ba ya halatta faɗin ƙarya, don haka ma'anar ita ce ku faɗi abin da ba ku san ƙaryarsa ba. Kai kuwa ka sani. Sannan mutanen Pompeii Rumawa ne, hadisin bai ma shafe su ba. Wuraren da aka yi rangwame a kan ƙarya kuma an ƙidaya su a hadisin Ummu Kulsum: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Wa'azi ba ya ciki.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu. Rana ta yi husufi a wannan yini, mutane suka ce saboda mutuwar Ibrahim ne. Dubi wannan dama: magana ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, shiru kawai zai yi. Yana cikin zafin rashin ɗa, amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya ƙi yarda a gina imanin kowa a kan fassarar da ba ta da tushe, ko da fassarar tana taimaka masa. Bayan wannan, wane mai wa'azi ne zai ce shi an ba shi izini?

Ka kuma yi tunanin wanda ya tuba saboda bidiyon. Wata rana zai karanta abin da ka karanta, ba wuya ba ne. Ranar da ya gane an yaudare shi da sunan Allah, zai fara tambayar kansa ko labarin Adawa da Samudawa ma haka ne. Na sha zama da samarin da shakka ta shige su, kuma da yawansu ta irin wannan ƙofa ta shigo: wata "mu'ujiza" da aka yaɗa, suka bincika suka tarar ƙirƙira ce. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Idan mai wa'azin yana nufin ƙagaggen labari ne wanda mai sauraro ya san ƙagagge ne, wannan magana ce daban, malamai da dama sun sassauta a kansa. Naka kuwa da sunan tarihi ka sayar da shi.

Ka sauke bidiyon yau. Ka yi wani ka ce na faɗi kaza, na yi kuskure, ga yadda abin yake. Labarin gaskiya ya isa wa'azi: mutane sun wayi gari da burodi a cikin tanda, aka tono burodin a ƙone bayan ƙarni goma sha bakwai da ɗoriya, masu shi ba su ci ba. Kuɗin da bidiyon ya kawo kafin ka sani naka ne. Wanda ya shigo bayan ka sani, abin da na fi natsuwa da shi ka kimanta shi ka bayar ga mabuƙata.

Ba ka tambaye ni sauran bidiyoyin ba, amma zan faɗa. Labarin Ƙaramiɗa tabbatacce ne: shugabansu Abu Ɗahir al-Jannabi ya auka wa Makka ranar Tarwiya, wato takwas ga Zulhijja, a shekara ta 317 bayan hijira, aka jefa gawarwakin alhazai a rijiyar Zamzam, Hajarul Aswad bai dawo ba sai 339. Amma ka yi hattara da adadi. A kan yawan waɗanda suka mutu a kisan da Tattar suka yi a Bagadaza a 656 bayan hijira, Ibnu Kasir ya kawo ƙauli uku, dubu 800, da miliyan ɗaya da dubu 800, da miliyan biyu, kowanne da "an ce". Kai ma ka ce "an ce", kada ka ɗauki mafi girma don shi ya fi jan masu kallo. Hotuna kuma, tsiraicin mamaci tsiraici ne, zane-zanen batsa na bangon Pompeii ba sa halatta ko don a ce ana nuna laifinsu. Hotunan Kongo na zamanin Sarki Leopold na Biyu shaida ce a kan zalunci, da su aka tona asirin abin da ake yi, don haka ban hana ka nuna abin da buƙata ta kai ba. Ka sanar da mai kallo tukuna, saboda yara da masu raunin zuciya, kuma kada ka maida hannun yaron da aka yanke ya zama tallan bidiyonka.

Maganarka ta hoton gawa ta fi damuna fiye da batun kuɗi. Ka ce gawa ta daina ɗaga maka hankali, ka faɗe shi kamar abin wucewa. Ɗana, wannan ciwo ne, kuma ka gode Allah da ka lura da shi. An sa mu ziyarci maƙabarta don mutuwa ta girgiza mu, kai kuma kana kallonta kullum har ta zama kayan aiki. Ka maido aikin da rana, domin ina zargin sallar Asuba tana shan wahala a hannunka ko da ba ka ambata ba. Ka huta wata guda daga labaran jini, ka riƙa bin jana'iza har bakin kabari, ka tsaya a yi binnewa da kai. Idan watan ya cika zuciyar tana nan yadda take, ka sake rubuto mini, domin a lokacin shawarata a gare ka za ta canza.

Wallahu a'alam.