Amsar Baffa a kan Shatin Bulala

'Yata, na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce yaron ya dawo daga makaranta da shatin bulala a gadon baya, ɗaya har ya fashe, kin zari mayafi za ki tafi, surukarki ta tare ki ta ce a al'adarmu ba a bin ba'asin dukan malami. Kina tambaya ko haka abin yake.

Gaskiya ta faɗa, sai dai ta tsaya a rabi. Ranar da kakanki ya kai ni makarantar allo, hannuna ya kama ya sa a cikin na malam, ya ce, "Ga amana nan, Malam." Tun daga ranar ban taɓa jin ya kushe shi a gabana ba. In na dawo da kuka, abin da zai ce kawai, "Me ka yi?" Amma fa kuɗin Laraba ba ya fashi, da kaka a kai dami, in ana suna a gidan malam shi ne a sahun gaba. Sun san juna ciki da bai.

Wata rana wani gardi ya tsula mini dorina, bakinta ya nannaɗo ya same ni a gefen ido. Kakanki ya kama haɓata ya juya fuskar wajen fitila, ya duba, bai ce uffan ba. Bayan isha'i ya tura yayansa, suka ƙule da malam a zaure. Washegari aka sauya mini mai biya mini karatu. Sai da na yi gemu na ji labarin wannan zaman.

To kin ga ana bin ba'asi. Abin da ake gudu shi ne a yi a kan idon yaro, domin ranar da ya ga an ci mutuncin malaminsa, karatu ya ƙare. Kuma uwa da uba ba su zuwa da kansu, balle a kan ɗan fari irin naki, akwai alkunya. Baffa ko kawu ake turawa, wanda zuciyarsa ba ta tafasa kamar ta mai ɗa.

Dukan ma ba a sake shi haka nan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska. Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Kairawan da ke Tunisiya, ya rubuta tun fiye da shekara 1,000 cewa kada mai koyarwa ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Bulalar da ta fasa fata ta ƙetare haddi, wannan ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kai.

Ni ma na riƙe alli. Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika aji har kan taga. Na san yadda rai ke ɓaci in albashi ya makara, ga yara sama da ɗari suna surutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uban da ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar da ya zo faɗa. Yanzu da makarantun kuɗi suka yawaita abin ya ƙaru: uba na ganin ya biya, malami na ganin an mai da shi ɗan aiki. Ki tambayi kanki, sau nawa ke da maigidanki kuka halarci taron iyaye da malamai a bana?

Ki wanke ciwon, ki kai shi a duba. Kada ki sa hoton bayansa a zauren WhatsApp na iyaye, kada kuma ki zagi malamin yaro yana ji. Ki gaya wa maigidanki ranar Litinin zan biyo da sassafe, in shiga wajen shugaban makarantar ni kaɗai, a kira malamin mu ji ta bakinsa. Ki gaishe mini da surukar taki.