Amsa ga ƙanwarmu mai bincike a kan awon ciki a Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa na wannan zaure, barkanmu da dare, kuma ku yi mini haƙuri domin saƙon zai yi ɗan tsawo. Ƙanwata, na saurari tambayarki tun da rana, sai yanzu na samu natsuwar amsawa. Kin ce kina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, bincikenki a kan zuwa awon ciki ne tsakanin matan Hausawan Agege da Idi-Araba a nan Legas, kina neman wanda zai fassara miki takardar tambayoyi daga Turanci kafin ranar Asabar, kuma kina so ki san mata nawa za ki tambaya. Sai a ƙarshe kika ƙara da cewa kin shiga gidaje biyar an ƙi sa miki hannu a takardar amincewa da shiga binciken. Ni wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta zan fi yin magana.

Batun adadi ba shi da wahala. Lissafin da kusan kowane ɗalibi yake amfani da shi yana ba da mutum 384, idan aka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda za su ƙi amsawa sai ya kai wajen 422. Ki zauna da malamin da yake duba aikinki ku tabbatar ya dace da tsarin bincikenki. Amma mata 422 da suka amsa tambayar da ba ita kika yi nufi ba, ba za su amfane ki da komai ba, kuma abin da ya same ni ke nan.

Lokacin da nake nawa digirin na biyu, a kan 'yan cirani na yi aiki, masu dako da masu sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. A takardata akwai tambaya a kan wanda yake shugabantar iyali, na ba wani ya fassara, ya rubuta "maigida", ni ma na duba na ga daidai ne, domin duk Bahaushe ya san maigida. Na cika takardu fiye da ɗari kafin na lura cewa mutum goma sha biyar, daga garuruwa daban-daban, suna ba ni sana'a ɗaya da shekaru kusan ɗaya na maigidansu. Ashe a kasuwa maigida shi ne wanda yake saukar da kai, ya ba ka wurin kwana, ya tsaya maka a ciniki, ya ajiye maka kuɗi har ranar da za ka koma gida. Shi suke faɗa mini, ni kuwa ina rubuta shi a matsayin uban iyalinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan ma'ana tana rubuce tun 1969 a littafin Abner Cohen a kan Hausawan Sabo na Ibadan, inda ya bayyana matsayin maigida a fataucin goro da shanu, amma ba wanda ya nuna mini shi. Da na kai maganar ga malamin da yake duba aikina, wanda ba ya jin Hausa, sai ya ce in bar alƙaluman yadda suke tunda ba mai ganewa. Na ƙi, na sake aikin daga farko, na yi asarar wata uku da kuɗin motar da ni kaɗai na san yadda na samo su. Kai, wata huɗu ne ma, domin azumi ya shigo mutanena da yawa suka tafi gida. Har yau idan na tuna wannan magana ta ba mai ganewa sai in ji ciwonta, saboda mutanen da aka rubuta a kansu su ne za su gane, kuma su ne ba a taɓa mayar musu da abin da aka rubuta.

To, taki takardar ta fi tawa haɗari. Idan kika tambayi mace ko tana da ciki, ki sani mai ƙaramin ciki ba ta cika faɗa wa baƙuwa ba, balle mai cikin fari, balle kuma a gaban uwar miji. Idan kika ce 'ya'ya nawa gare ta, wata za ta ƙirga masu rai kaɗai, wata ta haɗa da na kishiya da na riƙo, wata kuma ba ta son ƙirga 'ya'ya ko kaɗan, ga kuma alkunyar ɗan fari. Dole ki raba tambayar: haihuwa nawa, ɓari nawa, nawa suka koma. Kalmomin ciwo ma haka suke. Jijjiga, da shawara, da sanyi, da kwantaccen ciki, kowannensu yana da ma'anarsa a bakin mata da ungozoma, kuma ba lalle ta yi daidai da ta littafin likita ba. Tambayar nan mai matakai biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", sau da yawa amsar da za ki samu ita ce "Alhamdulillahi", kuma ba ki da gurbin da za ki sa ta.

Akwai kuma gurbin matakin ilimi, wanda nake roƙonki ki duba shi da kyau. Yawancin takardun da nake gani suna da firamare, da sakandare, da gaba da sakandare, sai "babu". Matar da ta sauke Alƙur'ani, ta yi shekaru a Islamiyya, tana karanta ajami, a ina za ki sa ta? Idan kika sa ta a "babu", kin rubuta ta jahila, sannan a babi na huɗu na kundinki ki kafa hujja da cewa jahilci ne ya hana ta zuwa awo.  Haka nan ki fayyace wace ce Bahaushiya a bincikenki, domin a Legas duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ake ce masa, ko Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme daga Nijar, alhali a Agege akwai gidajen da kakanninsu suka zo fataucin goro, 'ya'yansu suna jin Yarabanci kamar Hausa. Matar da aka haifa a nan da wadda aka kawo amarya bara ba ɗaya suke ba wajen shiga asibiti su yi wa nas bayani.

Yanzu batun sa hannu. Kada ki ɗauka taurin kai ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan labari yana cikin abin da ya ƙara wa mutane tsoro har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Matar Agege ko ba ta san sunan maganin ba, ta taso tana jin cewa ana zuwa da takarda a cuci mutane. Ƙara da cewa a nan mu baƙi ne a idon hukuma, an tashi kasuwanni, an hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, saboda haka duk mai neman suna da lambar gida ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri.

Da ɗan gari akan ci gari. Ki fara da fadar Sarkin Hausawa, ki ga limamai, amma ki fi dogara da malaman Islamiyyar matan aure da ungozomomi, domin su ne suke shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga". Ki nemi izinin miji idan al'adar gidan ta buƙaci haka, amma izininsa ba ya maye gurbin amincewarta, kuma idan ta ce a'a magana ta ƙare. Ki karanta mata bayanin da Hausa, ki gaya mata cewa ƙin amsawa ba zai hana a duba ta a asibiti ba, wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaida. 

Bari in gyara wata magana, domin kada a ɗauka na raina fassara. Ita ma aiki ce babba, shi ya sa Asabar ta yi kusa. Mutum ɗaya zai fassara zuwa Hausa, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, ku kwatanta, sannan ki gwada ta a kan mata ashirin ko talatin a unguwar da ba ta cikin bincikenki, kina tambayar kowace abin da ta fahimta. Ba ki faɗa mana ko kin samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba, wato kwamitin da ke tabbatar da cewa bincike ba zai cutar da waɗanda ake yi a kansu ba. Tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma asibitin koyarwa na Idi-Araba da cibiyar binciken lafiya ta Yaba duk suna da irin wannan kwamiti. Idan ba ki samu ba, ki dakatar da shiga gidaje, idan kuma kin samu da takardar Turanci kaɗai, ki kai musu ta Hausar su gani.

Ki turo mini takardar a daren nan, zan yi fassarar farko a kyauta, amma sai Laraba mai zuwa in Allah ya yarda. Ina roƙon wata daga cikin 'yan'uwa mata da aka haifa a Agege ta karɓi aikin mayar da ita Turanci, domin akwai kalmomin ɗakin haihuwa da kunnen namiji bai saba da su ba. Sharaɗina guda ne, ƙanwata: idan kin kare kundinki, ki koma wannan Islamiyyar ki gaya wa matan da Hausa abin da kika gano. Wassalamu alaikum.