Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Ingila aikin jinya

Ƙanwata, na ga saƙonki, na kuma ji bayanin ejan ɗin nan na Abuja da ya ce ki kawo masa miliyoyin naira ya samo miki takardar aikin kula da tsofaffi da naƙasassu a Ingila. Kin ce tun da ɓarin jikin Inna ya shanye ke kike jinyarta, don haka wannan aikin ba zai gagare ki ba.

Kada ki ba shi ko sisi. Ƙofar da yake tallata miki an rufe ta. A Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu jinya daga ƙetare hanyar samun biza, 'yan Najeriya da Indiya da Zimbabuwe suka yi ta kwararowa. A Maris ɗin 2024 aka hana su zuwa da miji ko mata ko 'ya'ya, sannan daga 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko sababbi daga waje baki ɗaya. Waɗanda suke cikin ƙasar kaɗai aka bai wa wa'adi zuwa 2028. Ko a lokacin da hanyar take buɗe, takardar ɗaukar nauyin nan da ake kira CoS ba haja ba ce, kamfani ne ke biyan kuɗinta. Gwamnati da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin jinya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Na san wata baiwar Allah da ta sayar da filinta na gado ta zo, ta tarar ofishin kamfanin ɗaki ne guda a kulle, babu aiki babu albashi. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa kuwa kwana 60 ake ba shi ya nemi wani ko ya tattara ya koma.

Kin kuma ambaci zuwa karatun digiri na biyu kina taɓa aikin a gefe. Wannan halal ne, ɗalibai da yawa shi suke yi, amma awa 20 kawai doka ta yarje miki a mako muddin ana zangon karatu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wato kusan fam 244 a mako. Idan kin mayar da shi naira sai ki ga kamar kin tsinci dami a kala, amma hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka za ta lashe fiye da rabinsa, kuɗin makaranta kuwa ko kusa. Kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan karatun ba ya zuwa da iyali.

To bari in faɗa miki yadda aikin yake, tunda shi nake yi, gida-gida. Ƙarfe bakwai na safe ina ƙofar wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai. Minti 30 aka rubuta mata. A cikinsu zan tashe ta, in cire kunzugun dare, in wanke ta, in duba ko bayanta ya fara gyambon kwanciya, in sa mata kaya, in haɗa shayi da burodi, in ba ta magani in sa hannu a takarda, in rubuta rahoto a waya. Daidai lokacin da bakinta ya buɗe ta fara ba ni labarin mijinta da ya rasu, a lokacin nake neman takalmina, domin wani bawan Allah yana can a gado yana jira a jiƙe. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ba wankin kashi ba. Ke idan Inna ta ƙi cin abinci kina iya zama ki lallashe ta har azahar. Nan sai dai ki rubuta "ta ƙi ci" ki ja ƙofa. Tafiyar da ke tsakanin gidaje ma, a ruwa da sanyi, ba kowane kamfani ke lissafa ta yadda ya kamata ba.

Abin da kika saba na cicciɓar Inna da hannu nan galibi an hana shi. Akwai na'urar ɗaga mutum daga gado zuwa keke, galibi mutum biyu ke sarrafa ta, kuma sai an koya miki an kuma bincika ko kina da tarihin laifi kafin ki taɓa kowa. Da ma a gida muna da ita, da bayan mata da yawa bai lalace ba. Sai kuma abin da ejan ba zai taɓa faɗa miki ba: za a iya tura ki wanke namiji, ko soya naman alade, ko shiga gidan da kare ke kwana a kan kujera. Wasu manajojin suna sauraren uzuri, wasu a'a. Ki tambayi malaminki, ki tambayi zuciyarki tun kina gida. Akwai kuma masu ciwon mantuwa da za su zage ki kan launin fatarki yau, gobe su riƙe hannunki suna kiran ki da sunan 'yarsu.

Kada kuma ki ɗauka iyalai a nan hutawa suke. Ina zuwa gidan wata uwa mai ɗa baligi da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, ba ya magana, ba ya iya ci da kansa. Awa biyun da nake yi a can ita ce kaɗai damarta ta yin wanka da zuwa kasuwa. Alawus ɗin da gwamnati ke ba irinta fam 83.30 ne a mako a 2025, da sharaɗin tana jinya aƙalla awa 35, kuma idan ta yi wani aikin ta samu fiye da fam 196 a mako an yanke shi. Ba ta da kishiya ko ƙanwar miji ko maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce sannu. Mu da muka zo da biza ma ko wannan ba mu da haƙƙin karɓa.

Shi ya sa tambayar da ta fi damuna ba ki yi ta ba: idan kin taho, wa zai riƙe Inna? Yaya yana Legas, matarsa da goyo, auta tana makaranta. Kada a bar shi a "Allah zai kawo mafita" a rabu a haka, domin ƙarshenta a kan yarinyar nan zai faɗa ta bar karatu. Ku zauna da Yaya da Kawu a faɗi sunan wadda za ta kwana da ita, da mai kai ta gashin ƙashi, da nawa za a riƙa biyan mai taimako duk wata da kuma aljihun da kuɗin zai fito, don shekarar farko kada ku sa ran ko fam ɗaya daga wurinki.

Idan kun daidaita wannan kuma har yanzu karatun kike so, turo mini takardunki da sunayen jami'o'in da kike dubawa, mu nema kai tsaye ta shafinsu ba tare da ɗan tsakiya ba. Lambar ejan ɗin kuma ki ba Yaya ya ja masa kunne. Ki gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.