Takardar parsel tana hannuna, amma sunan wani ne a kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, barci ya gagare ni. Shekara huɗu ke nan na sayi parsel, wato filin gina gida, a bayan gari, wajen hanyar Tanut, miliyan biyu da jaka ɗari biyar. An ba ni akt da sesiyon na meri, wato takardar ba da fili ta ofishin magajin gari, sai dai sunan wanda aka fara ba filin ne a kai, ba na wanda ya sayar mini ba. Mun yi takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu biyu. Makon jiya na je na iske an juye rairayi mota biyu a wurin. Dillalin ya ce in kwantar da hankalina, mai takarda shi ne mai fili, in yi sauri in zuba bulo. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, ɗan'uwa. Kada ka sayi siminti ko buhu ɗaya tukuna.

Wannan magana ta "mai takarda shi ne mai fili" ta ci dukiyar mutanen Damagaram fiye da yadda ake zato, kuma kullum sai na ji ta. Takardar fili ba ƴar jaka goma ba ce, da za a ce duk wanda take aljihunsa shi ne mai ita. Abin da hukuma ta sani shi ne abin da ke cikin rajistarta: lotisma (yankin da aka yanka filaye) kaza, ilo (rukunin filaye) lamba kaza, parsel kaza, sunan wane. Muddin ba a canza sunan nan ba, a idon meri filin yana nan ga mutumin farko, ko da takardar ta bi hannu biyar. Ana kawo mini irinsu cikin leda, an ciro daga ƙasan akwati, wurin ninki ya tsage an liƙe da salatif, mai ita yana riƙe da ita kamar laya. In tambaye shi ina wanda sunansa ke kai, ya ce wallahi bai taɓa ganinsa ba. To mutumin nan da ba ka sani ba yana iya cewa takardarsa ta ɓata, a ba shi wata, ya sake sayarwa. In ya rasu, magadansa su ga fili a rajista da sunan mahaifinsu su saka shi cikin rabon gado, ba tare da mugun nufi ba ma. Dillali kuwa ya karɓi la'adarsa tun ranar ciniki. Ranar shari'a wayarsa a kashe take.

Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana kuma da amfani gaban alƙali, amma ba ta canza suna a rajista. Gona daban ce: can kwamitocin filaye da ake kira Kofo da dokar karkara ta 1993 ta kafa su ke ba da takardun shaida. Parsel da aka yanka cikin gari ba hurminsu ba ne. Gini ma ba ya mayar da filin wani naka, asara kawai yake ƙara maka.

Ko akt da sesiyon mai sunanka ba shi ne ƙarshe ba. Takardar da doka ta ce ba a tayar da ita ita ce titir fonsiye, tsarin da muka gada daga dokar 1932, wanda ake yi a sashen filaye na hukumar haraji. Tun 2006 aka fito da mai sauƙi da ake kira Sheda. Na san abin da za ka ce: je ka dawo, mai sa hannu ya fita, takardunka sun kwana uku a kan tebur ba wanda ya ɗaga. Ni ma abin yana ƙona mini rai. Amma zaman benci a ofis bai kai zaman benci a kotu ba.

Gobe da safe ka je ofishin filaye na meri da fotokofi, asalin takardar ka nuna kawai, kada ka bar wa kowa ita. A duba sunan da ke rajista yau, da ko an taɓa fitar da ta biyu. Ka ɗauki mai awon fili ya nemo duwatsun iyaka, don sau da yawa direban mota ne ya juye rairayi a filin maƙwabci. In ba kuskure ba ne, ka sa wisiye, wato ma'aikacin shari'a, ya je ya rubuta abin da ya gani, sannan ka bi ta wanda ya sayar maka har ka kai ga mai sunan ko magadansa, ku je wurin noter, mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, sannan a yi canjin suna a rajistar meri. In kuwa mai rairayin titir fonsiye yake riƙe da shi, to maganar ta koma neman kuɗinka wurin wanda ya sayar maka, don haka ka adana takardar cinikin nan, ka kuma nemo shaidunka biyu tun suna raye.