Amsa ga Hajiya: wane littafin Jules Verne yaro zai fara da shi?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun jiya da dare, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce ɗanki mai shekara 14 ya shigo gida da littattafai uku na Jules Verne, marubucin nan ɗan Faransa, da ya samo wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwar Yamai, kina son sanin wanda ya kamata ya fara da shi, da kuma ko gaskiya ne mutumin ya faɗi abubuwa tun kafin su faru. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa. Na fara karanta shi ina da kusan shekarun ɗanki, kuma har yau ina ba ɗalibaina aron littattafansa, don haka ga abin da na gani.

Ya fara da Le Tour du monde en quatre-vingts jours, wato zagaya duniya cikin kwana 80, wanda ya fito a 1873. Cikin ukun shi ne mai sauƙin Faransanci, kuma labarin ba ya tsayawa shan iska. Wani Bature ɗan Ingila, Phileas Fogg, ya ci alwashin zagaye duniya cikin kwana 80 a kan fam 20,000, ya tashi da baransa Passepartout, daga jirgin ƙasa zuwa jirgin ruwa har bisa giwa. Ban taɓa ba yaro wannan littafi ya maido mini da shi bai ƙare ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshensa. Fogg ya dawo Landan yana zaton ya makara, ashe ya ci ribar kwana guda saboda gabas ya yi ta nufa. Kowane digiri guda minti 4 ne, digiri 360 kuwa awa 24 cif. Shekara da shekaru ina zana wannan lissafi a allo yara suna kallona kawai, sai ranar da wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe shi ya sa mutanen Difa suke shan ruwa kafin na Yamai?" Haka ne kuwa, tsakaninsu akwai kusan minti 40 a watan azumi. Tun daga ranar da shan ruwa nake fara darasin.

Na biyu, Vingt mille lieues sous les mers na 1870, wato tafiyar lieues 20,000 (wani ma'aunin nisa) a ƙarƙashin teku. Wannan shi ne nawa. Na karanta shi da fitilar ƙwai, lokacin da kuran bai iso unguwarmu ba, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin Tabalak ba. Bangon littafin ya cire, wani ya ɗinke shi da zare baƙi, shafukan suna warin kananzir. Sai ga ni cikin jirgin nan mai tafiya a ƙarƙashin teku, Nautilus, ina leƙen kifaye ta tagar gilashi tare da Kyaftin Nemo. Amma ki gaya wa yaron tun yanzu: zai tarar da shafuka cike da jerin sunayen kifaye da katantanwa, ya tsallake su ba laifi. Abokaina na fada da yawa a nan suka ajiye littafin, har yau wani cikinsu cewa yake Verne ƙamus ya rubuta. Ni ban yarda ba. Nemo mutum ne da aka zalunta, ya juya wa duniya baya, yana nutsar da jiragen yaƙi, yana kuma aika zinariya ga waɗanda ake dannewa. Sai a wani littafin, L'Île mystérieuse, ake bayyana cewa ɗan sarki ne daga Indiya wanda ya yi yaƙi da Ingila a boren 1857. Yaron da ya san tarihin Sarauniya Mangu da Kawusan, waɗanda suka yi yaƙi da Faransa, zai gane abin da ke cin ran Nemo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Af, lambar nan ta 20,000 ba zurfin teku ba ce, tsawon tafiyar ce, kimanin kilomita 80,000.

Batun cewa ya san abin da zai faru, gaibu sai Allah. Mutumin karatu ne da shi. An haife shi a Nantes a 1828, ya rasu a Amiens a 1905, rayuwarsa duka yana bin jaridu da mujallun kimiyya yana tara bayanai. Jirgin ƙarƙashin teku an riga an gwada shi kafin littafinsa: Robert Fulton ya ƙera wani mai suna Nautilus tun 1800, sojojin ruwan Faransa kuma suka saka nasu, Plongeur, a ruwa a 1863. Abin da Verne ya yi shi ne ya ɗauki abin da ke rarrafe ya nuna shi yana gudu. Wani wurin ya dace, kamar yadda ya sa mutum uku suka tashi zuwa wata daga Florida a littafinsa na 1865, aka kuma tashi daga can ɗin a 1969. Wani wurin ya kauce, don da igwa ya harba su, wanda da an yi hakan da gaske babu wanda zai rayu cikinsu.

Yanzu na uku, wanda saboda shi na ƙi amsa miki cikin gaggawa. Cinq semaines en ballon, 1863, shi ne littafin da ya fito da sunansa. Turawa uku, Dakta Fergusson da Kennedy da Joe, suka hau ƙaton balan-balan mai kwando daga Zanzibar, suka ratsa Afirka ta sama har kogin Senegal. Hanyarsu ta bi ta kanmu: tabkin Cadi, Damagaram, Damargu, Agadas, sannan Gao da Tumbutu. Ranar da na fara ganin sunan Zinder, wato Damagaram, cikin littafin Bature tsigar jikina ta tashi don murna. Da na karanta abin da ke biye, murnar ta koma ciki. Duk abin da ya gani a garin shi ne filin kisa da wata itaciya wadda wai duk wanda ya bi ta inuwarta sai a rataye shi. Wannan fa zamanin Sarki Tanimun ne, Damagaram tana da ganuwa da malamai, ayarin raƙuma na kai da kawowa tsakaninta da Kano da Tarabulus. Akwai ma inda mutanensa suka hango birai daga nesa suka ɗauka baƙaƙen fata ne, suka mai da abin raha. Na rufe littafin, na yi kwana biyu ban taɓa shi ba.

Verne bai taɓa taka ƙasarmu ba. Daga rubutun matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zauna a Agadas a 1850, ya tsinto sunayen garuruwa, sauran ya cike da abin da Turawan zamaninsa suke son ji. Balan-balan ɗin ma sai a 1873 ya fara hawa, shekara 10 bayan littafin.

Wasu a nan za su ce a ɓoye wa yaro wannan littafi. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma ban goyi bayan a miƙa masa a juya baya ba. Da ƴata ta kai shekara 15 mun karanta shi tare, babi ɗaya bayan sallar isha'i, taswirar Nijar a shimfiɗe kan tabarma, tana bin hanyar balan-balan da ɗan yatsa. Da muka zo wurin biran ta yi shiru, can ta ce, "Baba, mutumin da ya rubuta Nemo ne ya rubuta wannan?" Na ce shi ne. Mun kai sha ɗaya na dare muna magana, har mahaifiyarta ta fito ta ce a tashi haka nan, gobe akwai lakwal.

Don haka Hajiya, ki ba shi na kwana 80 yanzu, na teku in an yi babban hutu, na ukun kuma ki ajiye shi a ɗakinki sai ranar da ke ko babansa kuka samu sararin zama da shi. Ki duba bangon kuma, domin yawancin waɗanda ake sayarwa a ƙasa an taƙaita su ne don ƴan makaranta. Ga mai farawa hakan ya wadatar. In ya ƙare yana neman cikakken na teku, ki yi mini magana, ina da guda biyu, sai in ba direban mota ya kawo miki ɗaya Yamai.