Zauren Shari'a: Yadda ake karanta hukuncin kotu a fahimce shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Kongo. Na haddace sunayen shari'o'i da yawa daga handawut, amma makin da na samu a gwaji bai taka kara ya karya ba. Da na ɗauko hukunci guda a laburare sai na tarar ya kusa shafi hamsin, na rasa ta inda zan kama. *Ɗaliba, Gyallesu*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Malaminki ya riga ya san sunayen nan. Abin da yake son gani shi ne ko kin gane dalilin da ya sa kotu ta yanke abin da ta yanke, da ko za ki iya ɗora shi a kan wata rigimar da ba ki taɓa ji ba.

Fara da sanin adireshin shari'a. In kika ga Savannah Bank da Ajilo (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305, to 1989 shekara ce, 1 juzu'i ne, 97 lambar kashi ce, 305 kuma shafin da aka fara. Lambar kashin za ki nema a kan kantar littattafai a laburare. NWLR jerin rahotannin hukunci ne da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, kuma a gefen kowane shafi akwai haruffa daga A zuwa H, don ki iya nuna daidai inda alƙali ya yi magana.

A farkon rahoto akwai taƙaitawa mai lambobi. Editoci ne suka rubuta ta, ba alƙali ba, kuma a nan yawancin ɗalibai suke yada zango. Ki leƙa ta don sanin inda aka dosa, sannan ki wuce zuwa hukuncin jagora. A Kotun Ƙoli alƙalai biyar ne ke zama, bakwai in batun tsarin mulki ne. Ɗaya yake rubuta cikakken hukunci, sauran su goyi baya ko su saɓa. Ki tabbatar da na wa kike karantawa, domin ɗalibi kan kwashi ra'ayin wanda aka rinjaya ya kai jarrabawa a matsayin matsayar kotu.

Karatu uku hukunci yake bukata. Na farko don labari kawai: wa ya kai wa ƙara, me ya haɗa su, me kotun ƙasa ta ce, wa ya ɗaukaka. Na biyu da fensir a hannu, kina raba maganganu gida-gida. A nan ne tarko yake: alƙali kan shafe shafi goma yana maimaita hujjojin lauyoyi kafin ya faɗi tasa, kuma wanda ya yi gaggawa sai ya ɗauki bakin lauya ya ce bakin kotu ne. A na uku ki rufe littafin ki rubuta shafi ɗaya da kalmominki: abin da ya faru cikin layi biyar, tambayar da kotu ta amsa, amsar, da dalilinta. A shari'ar Ajilo, mutum ne ya jinginar wa banki da gidan da ya mallaka tun kafin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ba tare da amincewar gwamna ba. Tambayar: shin irin wannan tsohon mai mallaka ma yana bukatar amincewar da sashe na 22 ya ambata? Kotu ta ce e, jinginar ta ɓaci. In taƙaitawarki ta haura shafi ɗaya, kwafe kike yi.

Mafi wuya shi ne raba ginshiƙin hukunci, wanda lauyoyi ke kira ratio decidendi, da maganar gefe, wato obiter. Ga ma'auni: juya maganar alƙali ta koma kishiyarta. In sakamakon shari'ar zai canza, ginshiƙi ne, kuma ya ɗaure kotunan da ke ƙasa da wadda ta yanke hukuncin. In ba zai canza ba, maganar gefe ce, ko da ta fi komai daɗin ji. Dubi Alkamawa da Bello ta 1998. Kowa ya san ta da kalaman Mai Shari'a Wali cewa shari'ar Musulunci ba dokar al'ada ba ce, alhali rigimar da aka warware a kan shuf'a ce, wato haƙƙin fifiko wajen sayen kadarar da aka sayar: a mazhabar Malikiyya maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum haƙƙin karɓe gidan da aka sayar wa wani. Ki san duka biyun, kowanne a muhallinsa.

Gara shari'a uku a mako da aka karanta haka da talatin da aka haddace. Ku haɗu ku huɗu, kowa ya kare tasa a gaban sauran.

Tambaya: Yarona yana karatun lauya. Na ji shi yana bitar shari'ar 1932 ta wata Baturiya da ta ga dodon koɗi a kwalbar lemo. Me ya haɗa mu da wannan a Zariya? *Wani uba, Tudun Wada*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shari'ar Donoghue da Stevenson ke nan, daga Sikotland. Wani ne ya saya wa matar lemon citta, kwalbar ba a ganin cikinta, sai da ta sha aka tsiyayo ragowar aka ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Tunda ba ita ta saya ba, babu ciniki tsakaninta da kowa. Alƙalai uku cikin biyar suka ce duk da haka mai sarrafa kaya yana da nauyin kula da lafiyar wanda kayan za su isa hannunsa. Daga nan dokar sakaci ta kafu, kuma Kotun Ƙolinmu ta bi wannan turba a 1985 a shari'ar Ngonadi, matar da firij ya fashe ya ji mata rauni.

Mun gaji dokar Ingila tun zamanin mulkin mallaka, kuma har 1963 ana ɗaukaka ƙara daga nan zuwa Landan. A yau hukuncin kotun Ingila bai ɗaure alƙalinmu ba, shawara ce mai nauyi. Ku ce wa yaron duk shari'ar Turawa da ya karanta ya nemo 'yar'uwarta ta gida ya haɗa su. Ku kuma ƙarfafa masa ya riƙa zuwa Babbar Kotu lokacin hutu ya zauna a bencin baya, domin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a.

Tambaya: Malami ya ja jan layi a kan shari'ar da na kawo, ya ce ta mutu. Shari'a tana mutuwa? *Ɗalibi ɗan aji huɗu, Samaru*

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗanmu. Kotun sama kan soke ta, ko Kotun Ƙoli ta janye daga tsohuwar matsayarta, ko doka ta sauya. Hukuncin Lakanmi na 1970 bai yi nisa ba gwamnatin soja ta shafe shi da Doka ta 28 a shekarar. Hukunce-hukuncen da suka gabaci Dokar Shaida ta 2011 a kan takardun kwamfuta sai an auna su da sashe na 84 na dokar. A laifuffuka kuma ka lura daga ina shari'ar ta fito: Kudu na aiki da Criminal Code, Arewa da Penal Code, Jihar Kaduna ma ta sabunta nata a 2017, don haka lambar sashen da ke cikin tsohon littafinka ta yiwu ta kauce. Kafin ka dogara da shari'a, saka sunanta a LawPavilion, manhajar binciken hukunce-hukuncen kotu, ko ka duba fihirisar NWLR ka ga abin da kotunan da suka biyo baya suka yi da ita. In shekara ta ɓace maka a ɗakin jarrabawa, rubuta suna da abin da ya faru, kada ka ƙirƙiro lamba.