Takardar wakilci ba ta raba gado

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya rubuto mini cewa mahaifinsa, wanda suke tare a can, tsufa ya kama shi, mantuwa kuma ta fara. Tun da lafiyarsa tsohon ya ba shi takardar wakilci mai ɗorewa, wadda ake kira LPA, da ita yake biya masa haya yana kula da asusunsa na banki. Tambayarsa ita ce: in ta Allah ta kasance, zai iya ci gaba da amfani da takardar ya biya kuɗin jana'iza, sannan ya raba wa 'yan'uwansa na can da na gida abin da ya rage?

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi. Amma amsar a'a ce, ɗan'uwa, kuma ina so ka riƙe ta da kyau. Wakilcinka yana ƙarewa ne a daidai lokacin da rai ya yi halinsa. Wakili yana aiki ne da yawun mai rai. Da zarar mai dukiya ya cika, ba sauran wanda kake wakilta, dukiyar ta koma hakkin masu bin bashi da magada. Malaman fikihu ma haka suka ce, wakalci yana ɓaci da mutuwar wanda ya wakilta. Ko fam goma ka cire da katinsa washegari, da kyakkyawar niyya, ka taɓa abin da doka ba ta ba ka ba. Na fi jin tsoron wannan a kan mutanen kirki irinka, domin su ne ke gaggawar sauke nauyi. Abin da ke kanka shi ne ka sanar da banki da ofishin da ya yi wa takardar rajista, wato Office of the Public Guardian. Batun jana'iza kuwa kada ya dame ka: galibin bankunan Ingila suna biyan masu shirya jana'iza kai tsaye daga asusun mamaci in an kai musu takardar mutuwa da takardar kuɗin aikin.

Daga nan aiki ya koma hannun wasiyyi, wato wanda mamaci ya ambata a cikin wasiyyarsa don ya zartar da ita. Shi kuma kafin rasuwa ba shi da ikon komai. Bayanta ne zai nemi izinin kotu, ya tattara dukiya, ya biya bashi da haraji, sannan ya raba. Harajin gado yana hawa ne kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, ban da rangwamen da doka ta yi, kuma ana son a biya shi kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa. Kana iya zama wakili kuma wasiyyi, amma sai an rubuta sunanka a takardu biyun.

To, Baba ya rubuta wasiyya kuwa? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. LPA ba ta ba ka damar rubuta masa ita ba. In ya rasu babu wasiyya, dokar Ingila ce za ta raba, ba ilimin gado ba: mata ta ɗauki kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, mace da namiji. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci a Ingila ba tare da rajistar hukuma ba, wannan rabon bai san da ita ba. Wanda yake son a bi rabon Musulunci, dole ya rubuta haka. Tunda mantuwa ta fara, kada a jira. Ku kai shi wurin lauya yanzu, likita ya shaida cewa yana fahimtar abin da yake sa wa hannu, domin a nan ne ake tayar da rigima daga baya. Dokar wasiyya ta Ingila ta shekarar 1837 tana neman shaidu biyu a wuri ɗaya lokaci ɗaya, kuma magajin da ya zama shaida ya rasa abin da aka rubuta masa, don haka kai kada ka sa hannu.

Gida ko filin da yake da shi a Najeriya ko Nijar, dokar ƙasar da yake cikinta ce ke hukunci a kansa. In za a yi wasiyya biyu, a gaya wa kowane lauya labarin ɗayar, don kada ta baya ta soke ta farko.